Sanyin Farkon Hunturu, Dusar Ƙanƙara da Hazo a Kwarin Thames: Nazari a Kan Hazon Landan na Disamba 1952

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazari a kan wani nau'in yanayi da kudu maso gabashin Ingila ke fuskanta tsakanin ƙarshen Nuwamba da tsakiyar Disamba, wato lokacin da sanyi ke sauka bagatatan, iska ta tsaya cik, dusar ƙanƙara ta ɗan rufe ƙasa, sannan hazo ya kwanta a kwari. An ɗauki hazon da ya lulluɓe birnin Landan daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952 a matsayin babban misali, aka kwatanta shi da abin da ya faru a wasu wurare da wasu shekaru. Matsayar takardar ita ce, yanayin da ya zo a natse yana iya fin guguwa kisa, domin yana tsare duk abin da mutane suka ƙona a daidai inda suke numfashi. A ƙarshe an duba inda wannan darasi ya shafi hunturun ƙasar Hausa.

1.0 Gabatarwa

Idan ana lissafin bala'o'in yanayi, ambaliya da guguwa da fari ne ke fara zuwa baki, saboda ɓarnarsu a fili take: rufi ya yaye, gada ta karye, gona ta ƙone. Sanyi mai tafe da hazo ba ya barin irin wannan shaida. Ba a jin ƙararsa, ba ya rushe katanga, kuma yawancin waɗanda yake kashewa a kan gadajensu suke cikawa, ko a gadon asibiti. Shi ya sa hukumomi da jama'a suka daɗe suna ɗaukarsa a matsayin 'yar takura ta kwana biyu.

Takardar nan ta taƙaita ne ga kwarin kogin Thames, inda birnin Landan yake. An zaɓi wurin saboda dalilai biyu. Na farko, yanki ne da aka daɗe ana auna yanayinsa ana kuma rubuta adadin mamatansa mako-mako, don haka ana iya ɗora lissafin yanayi a kan lissafin rayuka. Na biyu, a nan ne aka sami misalin da ya sauya doka, ya kuma sauya yadda masana lafiya ke kallon iskar birane. Za a fara da bayanin yadda sanyi da dusar ƙanƙara da hazo ke haɗuwa, sannan a shiga abin da ya auku a 1952, da abin da ya biyo baya.

2.0 Yadda Sanyin Farkon Hunturu Ke Sauka

Landan tana kan layin digiri 51.5 arewa da tsakiyar duniya, wato ta fi biranen Kanada da yawa kusa da ƙuryar arewa. Duk da haka hunturunta ya fi nasu sauƙi nesa ba kusa ba. Dalili shi ne iskar da ta saba kaɗawa a Birtaniya daga yamma take fitowa, ta ratso Tekun Atlantika, inda igiyar ruwa mai ɗumi ke ba ta zafi da laima. Muddin wannan iska tana kaɗawa, ana samun gajimare da yayyafi, amma da wuya ruwa ya daskare.

Matsala tana farawa ne idan wani babban yanki mai ƙarfin matsin iska ya zo ya zauna a kan tsibirin ko a kan ƙasashen Sikandinebiya, ya ƙi motsawa. Sai ya tare hanyar iskar yamma, ya buɗe ƙofa ga iska mai ɗari daga arewa ko daga gabas. A tsakiyar irin wannan yanki sama takan washe, iska kuma ta mutu. A watan Disamba daren Landan yakan kai kusan awa 16, kuma duk tsawon wannan dare ƙasa tana sakin zafinta zuwa sama ba tare da gajimaren da zai mayar mata da shi ba. Da rana kuwa, ko da tsakar rana, tsayin rana a sararin sama bai wuce digiri 15 zuwa 16 ba. Abin da dare ya kwashe, rana ba ta iya biya.

Farkon hunturu yana da wani abu da tsakiyarsa ba ta da shi: ƙasa tana jiƙe da ruwan kaka, koguna da fadamu ba su gama hucewa ba, saboda haka akwai wadatar laima a iskar da ke dab da ƙasa. Haɗuwar laima da dogon dare da rashin iska ita ce ta sa Nuwamba da Disamba suka yi suna wajen hazo a wannan yanki.

2.1 Rawar da Dusar Ƙanƙara Ke Takawa

Akan raina dusar ƙanƙara idan ba ta yi kauri ba. A lissafin da aka saba, santimita 10 na dusar ƙanƙara idan ta narke ba ta wuce santimita 1 na ruwa ba. Amma tasirinta ba a yawan ruwanta yake ba. Sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kashi 80 cikin 100 ko fiye na hasken rana zuwa sama, saboda haka ɗan zafin da ya kamata ƙasa ta sha da rana sai ya koma inda ya fito. Haka kuma tana shiga tsakanin ƙasa da iska, ta hana ɗumin da ke cikin ƙasa hawowa. Sakamakon haka daren da ya biyo bayan zubarta yakan fi wanda ya gabace ta sanyi. Idan kuma ta ɗan narke da rana ta sake daskarewa da dare, sai ta bar wani siririn santsi a kan kwalta wanda direba ba ya gani sai motarsa ta zame.

2.2 Hazo da Murfin Iska

A ma'aunin masana yanayi, ana cewa an yi hazo idan ƙananan ɗigon ruwa da ke rataye a iska suka hana ganin abin da ya kai nisan mita 1,000. Hakan yana faruwa idan iskar da ke kusa da ƙasa ta huce har ta kasa riƙe tururin da ke cikinta. Da yake iska mai sanyi ta fi nauyi, sai ta gangaro daga tuddai ta taru a kwari, kuma Landan a cikin kwari take, tsakanin tuddan Chiltern ta arewa maso yamma da na North Downs ta kudu.

A al'ada, duk sanda aka hau sama sanyi ƙaruwa yake yi, kimanin digiri 6.5 a kowace kilomita. Wannan ne ke sa hayaƙi mai ɗumi ya tashi ya baje. A ƙarƙashin yanki mai ƙarfin matsin iska kuwa, tsarin yakan kife: iska mai sanyi a ƙasa, mai ɗumi a samanta. Iskar nan mai ɗumi tana rufe kwarin kamar yadda faifai ke rufe ƙwarya. Hayaƙi ya tashi kaɗan, ya ci karo da murfin, ya dawo. Daga nan duk abin da aka ƙona a birnin yana nan a cikin birnin har sai iska ta sauya.

3.0 Landan, 5 Zuwa 9 ga Disamba 1952

Watan Nuwamba da farkon Disamban 1952 sun zo da sanyi mai tsanani, dusar ƙanƙara kuma ta zuba a yankin. Mutane suka yi abin da kowa zai yi: suka ƙara kwal a murhun ɗaki. A ranar 4 ga Disamba yanki mai ƙarfin matsin iska ya zauna a kan kudancin Ingila, iska ta mutu. Washegari Juma'a hazo ya kwanta. Bayanan Hukumar Kula da Yanayi ta Birtaniya sun nuna cewa kaurinsa daga ƙasa zuwa sama mita 100 zuwa 200 ne kawai. A cikin wannan ɗan tsukin ne hayaƙin birni mai mutum sama da miliyan takwas ya yi ta taruwa har kwana biyar.

Da rana a ranar Juma'a hazon bai yi wani kauri na a zo a gani ba, kuma mutanen Landan sun saba da irinsa. Da dare ya yi sai gani ya koma 'yan mitoci. A unguwar Isle of Dogs an ba da labarin cewa mutum ba ya ganin ƙafafunsa. Motocin haya sun tsaya, waɗanda suka yi ƙoƙarin tafiya kuwa sai da kwandasta ya sauka yana tafe a gaba da fitila. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ne kawai ya ci gaba da aiki. Motocin ɗaukar marasa lafiya sun daina fita, ya zama majinyaci shi zai kai kansa asibiti a cikin iskar da ta kwantar da shi. Hazon ya shiga cikin gine-gine, har aka dakatar da wani wasa a gidan wasan kwaikwayo na Sadler's Wells saboda 'yan kallo ba sa ganin dandali. A wurin baje kolin dabbobi na Smithfield, shanu sun kasa numfashi, wasu suka mutu, wasu aka yanka su. Sai ranar Talata 9 ga wata iska ta taso daga yamma ta kwashe hazon.

3.1 Abin da Aka Ƙona

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Birtaniya tana fama da bashi, saboda haka kwal mai kyau waje ake fitar da shi, a bar wa gidaje mai araha, mai gari da yawa da yawan farar wuta. Ban da murahun gidaje, akwai tashoshin wutar lantarki masu ƙona kwal a cikin birnin kansa, irin su Battersea da Bankside da Fulham, ga masana'antu, ga jiragen ƙasa masu tururi. A watan Yulin wannan shekarar ne kuma aka janye taragon lantarki na ƙarshe daga titunan Landan, aka maye gurbinsu da bas-bas masu shan man dizal.

Hukumar Kula da Yanayi ta ƙiyasta cewa a kowace rana cikin kwanakin nan an saki tan 1,000 na ɓurɓushin hayaƙi da tan 370 na iskar farar wuta, wadda ta haɗu da ɗigon ruwan hazo ta rikiɗe zuwa kimanin tan 800 na asid. Ɓurɓushin hayaƙin ya kuma ƙara wa hazon kauri, domin a jikinsa tururi ke samun wurin taruwa. Da hazon ya yi kauri sai ya tare rana, da rana ta taru sai sanyi ya ƙaru, da sanyi ya ƙaru sai mutane suka ƙara kwal. Kowane ɗaya yana ciyar da ɗan'uwansa.

3.2 Asarar Rayuka

Ba a fahimci girman abin ba sai da aka tattara rajistar mamata. Ƙiyasin farko na hukuma ya nuna cewa kimanin mutum 4,000 ne suka rasu fiye da yadda aka saba a irin wannan lokaci, wasu kimanin 100,000 kuma suka kamu da ciwon ƙirji da na numfashi. Mafi yawan mamatan tsofaffi ne, da masu ciwon huhu ko na zuciya, da jarirai. Adadin mace-mace bai koma daidai ba har cikin watannin farko na 1953, amma a lokacin an jingina wannan ragowar ga annobar mura. A shekarar 2001 masu bincike biyu, Michelle Bell da Devra Davis, suka sake bin alƙaluman, suka kai ga cewa jimillar ta kusa 12,000. Wani nazari da suka biyo da shi a 2004 ya nuna cewa murar wannan shekara ba ta kai girman da za ta ɗauki nauyin waɗannan rayuka ba.

Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin sassan yanayin da ya zama baƙo. An sha yin sanyin da ya fi wannan, an sha yin dusar ƙanƙara da ta fi wannan, hazo kuwa tsohon maƙwabcin kwarin Thames ne. Tun 1661 John Evelyn ya rubuta ƙorafi a kan hayaƙin kwal na Landan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: yanayi ya kawo murfi, mutane suka kawo hayaƙi.

4.0 Gargaɗin da Ya Gabata da Matakan da Suka Biyo Baya

Landan ta sami gargaɗi har sau biyu. A farkon Disamba 1930 irin wannan hazo ya kwanta a kwarin kogin Meuse kusa da birnin Liège na ƙasar Beljiyam, ya kashe kimanin mutum 60. A ƙarshen Oktoba 1948 ya kwanta a garin Donora na jihar Pennsylvania a Amurka, a kwarin kogin Monongahela, ya kashe mutum 20. Duka wuraren uku siffa ɗaya gare su: kwari, farkon sanyi, iska a tsaye, da bututun hayaƙi.

Gwamnatin Birtaniya ta kafa kwamiti a 1953 ƙarƙashin Sir Hugh Beaver, wanda ya miƙa rahotonsa na ƙarshe a 1954. Daga nan aka sami Dokar Tsabtace Iska ta 1956. Dokar ta ba ƙananan hukumomi ikon ware unguwannin da aka hana ƙona makamashi mai hayaƙi, ta kuma tanadi tallafin kuɗi ga masu gidaje don su sauya murahunsu. Wannan tallafi shi ne ƙashin bayan nasararta, domin ba a ce wa talaka ya kashe wutarsa a cikin sanyi ba tare da an ba shi madadi ba. An ƙarfafa dokar a 1968. Sauyin bai zo dare ɗaya ba: a farkon Disamba 1962 an sake yin hazo mai hayaƙi a Landan wanda ya ci ɗaruruwan rayuka, amma adadin ya yi ƙasa ƙwarai da na shekara goma baya.

5.0 Bayan Tafiyar Hayaƙin Kwal

Doka ta kawar da hayaƙi, yanayin kuwa yana nan yadda yake, kuma yana da nasa haɗarin. A ranar 4 ga Disamba 1957 jiragen ƙasa biyu suka yi karo cikin hazo a Lewisham, kudu maso gabashin Landan, mutum 90 suka rasu. A 2010 sanyi ya sauka tun ƙarshen Nuwamba, watan Disamban shekarar ya zama mafi sanyi a jerin ma'aunin ƙasa da aka fara a 1910, kuma dusar ƙanƙarar ranar 18 ga wata ta gurgunta filin jirgin sama na Heathrow na kwanaki. A Disamba 2022 an yi sanyi na fiye da mako guda tare da hazo mai daskarewa. Ranar 11 ga wata dusar ƙanƙara ta zuba a Landan, kuma a wannan rana yara huɗu suka faɗa cikin wani tafki a garin Solihull bayan ƙanƙarar da suka taka ta fashe, dukkansu suka rasu. Ƙanƙarar farkon hunturu ba ta gama kauri ba, kuma ido ba ya bambance ta da mai ƙwari.

Sanyi kansa yana takura jijiyoyin jini, ya ɗaga hawan jini, ya sa jini saurin gudaji, shi ya sa bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ke ƙaruwa a kwanakin da suka biyo bayan saukarsa. Fahimtar hakan ce ta sa Ingila ta fito da tsarin tunkarar sanyi a 2011, wanda ya riƙa haɗa hasashen yanayi da ma'aikatan lafiya har zuwa 2023. Akwai kuma tallafin fam 25 ga masu ƙaramin ƙarfi a duk lokacin da matsakaicin sanyi ya kai sifili ko ƙasa da haka na kwana bakwai a jere. A nan hasashe ya zama abin da ke motsa asibiti da baitulmali.

6.0 Inda Darasin Ya Shafi Ƙasar Hausa

Hunturun Kano ko Damagaram ya sha bamban da na Landan. Hazonmu na ƙura ne, a cikin busasshiyar iska, kuma babban tushensa kwarin Bodele ne a arewacin Chadi, inda iskar arewa maso gabas ke kwaso garin ƙasan tsohon tafki. Ranarmu ma ta fi ƙarfi: a Disamba tsayinta da tsakar rana a Kano yakan kai kimanin digiri 55, saboda haka murfin da dare ya kafa yakan fashe kafin azahar.

Amma murfin yana kafuwa. A daren hunturu sama a washe take, ƙasa tana hucewa da sauri, iska mai sanyi ta kwanta. A daidai wannan lokaci ne ake hura itace da kara a ƙofar gida, ake cinna wa tsofaffin tayoyi da bola wuta, janareto yana aiki, ga ƙurar da ke sama tuntuni. Duk wanda ya fita da asuba a manyan biranenmu ya san hayaƙin nan da ke kwance bai tashi ba. A cikin ɗaki kuma ana shigar da kaskon gawayi a rufe ƙofa da taga, alhali gawayi yana fitar da iskar guba marar wari wadda ke kashe mai barci. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2021 ta sa iyakar ƙananan ɓurɓushin da ke shiga huhu a maikurogiram 15 a kowace mita kubik ta iska a cikin awa 24. Sanin ko unguwa ta haura wannan iyaka yana buƙatar na'urar awo a unguwar.

7.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa sanyin farkon hunturu da dusar ƙanƙara da hazo abubuwa ne da ke ƙarfafa juna, kuma haɗarinsu yana ninkuwa gwargwadon abin da mutane ke ƙonawa a ƙarƙashinsu. Daga wannan ake ba da shawarwari huɗu. Na ɗaya, hukumomin yanayi su riƙa ɗaukar tsayawar iska a lokacin sanyi a matsayin abin gargaɗi, kamar yadda suke ɗaukar ruwan sama mai ƙarfi. Na biyu, gargaɗin ya isa asibitoci da gidajen rediyo cikin harshen da jama'a ke ji, tare da bayanin abin da mai asma, da tsoho, da uwar jariri za su yi. Na uku, duk dokar da za ta hana ƙona wani abu ta zo da madadin da talaka zai iya saya. Na huɗu, a riƙa rubuta mace-mace da kwanciyar asibiti mako-mako, domin da wannan rajista ce Landan ta gano abin da ya same ta, kuma da ita ce masu bincike suka gyara lissafin bayan kusan shekara hamsin. Jami'o'inmu suna da sassan nazarin ƙasa da na lafiyar al'umma da za su iya fara wannan aiki tare, birni ɗaya, hunturu ɗaya, su ɗora awon iska a kan rajistar asibiti.